Filadalfiya: ranar da aka sallami ma'aikatan makaranta dubu 3 da 783

A shekara ta 2013, birnin Filadalfiya na ƙasar Amurka ya rufe makarantu 24, ya kuma aika wa ma'aikata kusan dubu huɗu takardar sallama, da sunan babu kuɗi. Uwayen yara suka ce ba su yarda ba. Ga yadda kokawar ta kasance, da abin da ta haifar bayan shekara goma.

Duk ma'aikacin da ya rayu cikin shekarun 1990 a nan Nijar, ba sai an fassara masa kalmar tsuke bakin aljihu ba. Ya ga watannin da albashi bai zo ba, ya ga shekarun karatun da suka tafi a banza, ya kuma san dalilin da ya sa ake tunawa da ranar 9 ga watan Fabrairu na 1990, ranar da ƴan makaranta uku suka rasa rayukansu a bakin gadar Kenedi ta Yamai, cikin jerin gwanon ƙin amincewa da rage kuɗin ilimi. Shi ya sa da yawa daga cikinmu ke ɗauka cewa wannan ciwo na matalautan ƙasashe ne kaɗai, waɗanda Bankin Duniya da Asusun FMI ke rubuta wa magani. To, mai karatu, labarin da muka kawo maka yau daga ƙasar da ta fi kowace arziki ya fito, daga birnin da aka rattaba hannu kan takardar ƴancin kan Amurka a 1776.

Ina kuɗin makaranta ke fitowa?

Kafin a gane rikicin, sai an gane yadda ake biyan makaranta a Amurka, don ba irin namu ba ne. A nan, ma'aikatar ilimi ce ke ɗaukar malami, baitulmalin ƙasa ya biya shi, ko a Tasawa yake ko a Madawa. A can kuwa, kowace jaha an rarraba ta gunduma-gunduma na makarantu, kowace gunduma da hukumarta da kasafin kuɗinta. Jahar Fensilbaniya, inda Filadalfiya take, tana da irin waɗannan gundumomi 500. Gomnatin tarayya da ke Washinton ɗan abin da take zubawa bai wuce kashi ɗaya cikin goma ba. Jaha takan ba da nata kaso, saura kuma daga lanhon da mutanen wurin ke biya yake fitowa, musamman harajin gidaje da filaye.

Ɗan kasuwa zai gane abin da wannan ke nufi nan take. Unguwar da gidajenta ke da tsada, harajinta na da kauri, makarantarta ta wadata. Unguwar talakawa kuwa, ko an tsananta mata haraji, abin da za a tara kaɗan ne. Filadalfiya birni ne mai mutum kamar miliyan ɗaya da rabi, talauci ya yi masa katutu, kuma mafi yawan yara sama da dubu 130 da ke makarantun gundumar a lokacin ɗiyan baƙaƙen fata ne da na ƴan asalin Latin Amurka. Da ka ƙetare iyakar birnin ka shiga gundumar Lower Merion ta masu hali, sai ka tarar ana kashe wa kowane yaro kuɗin da ya zarce na ɗan birni nesa ba kusa ba.

Akwai wata ƙullalliya kuma. Tun watan Disamba na 2001, gomnatin jaha ta karɓe ragamar makarantun birnin, ta ce an kasa riƙe su. Ta ɗora su a hannun wata hukuma mai mutum biyar da ake kira SRC, uku gomna ke naɗa su, biyu magajin gari. Ba wanda ya zaɓe su, ba kuma wanda zai iya tsige su da ƙuri'a. Hukumar ba ta da ikon aza haraji ko na sisi. Abin da jaha da majalisar birni suka miƙo mata, shi take rabawa.

Yadda ramin ya haƙu

A 2011 Tom Corbett na jam'iyyar Rifablikan ya hau kujerar gomna, da alkawarin ba zai ƙara haraji ba. Kasafinsa na farko ya zo da ragin da ya kusan kai dalar Amurka miliyar ɗaya a fannin makarantu. Shi dai ya yi ta cewa ba shi ya rage ba, tallafin wucin gadi da gomnatin tarayya ta bayar bayan karayar tattalin arziki ta 2008 ne ya ƙare. Masu sukarsa suka ce ko da haka ne, ai yana da ikon cike gurbin, ya ƙi. Ko ma wane ne ke da gaskiya, Filadalfiya ce ta fi jin jiki.

Abu ɗaya da ya ƙara dagula lissafi shi ne wasu makarantu masu cin gashin kansu amma da kuɗin gomnati ake biyansu. Duk yaron da ya koma can, gunduma ce ke biya masa. Amma in yara uku sun fita daga aji, ba a rage albashin malamin ajin, ba a rage kuɗin wuta ko na gyaran rufi. A da jaha kan mayar wa gundumomi wani ɓangare na wannan kuɗi. Kasafin 2011 ya soke shi, Filadalfiya ta yi asarar sama da dala miliyan 100 a shekara ta wannan ƙofa kaɗai. Daga 2011 aka rage masu aikin jinya na makarantu wajen 100. A 2012 hukumar SRC ta ci bashin dala miliyan 300 don kawai ta biya albashi da sauran buƙatun yau da kullum. Kowa ya san mai cin bashi don ya yi cefane, gobensa ba ta da kyau.

A watan Disamba na 2012, sabon shugaban gundumar, William Hite, ya gabatar da jerin makarantu 37 da yake so a rufe. Aka yi ta taron jin ra'ayin jama'a, uwaye na cika ɗakuna suna kuka da fushi. Ranar 7 ga Maris 2013 hukumar ta zauna ta amince da rufe 23, daga baya aka ƙara ɗaya. A ranar ƴan sanda sun kama mutum 19 da suka tare ƙofar ɗakin taron, cikinsu har da Randi Weingarten, shugabar ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin malamai na ƙasar baki ɗaya.

Rufe makarantun bai toshe ramin ba. Ranar 30 ga Mayu hukumar ta amince da kasafin da ke da giɓin dala miliyan 304, wato wajen miliyar 150 na sefa a canjin lokacin. Jaridun birnin suka raɗa masa suna kasafin tashin ƙiyama. Mako guda bayan haka, ranar 7 ga Yuni, aka fara aika takardun sallama ga mutum dubu 3 da 783.

Su wane ne aka sallama?

A nan ya kamata mai karatu ya dakata, don cikin wannan jeri ne asirin maganar yake. Malaman aji 676 ne aka sallama. Sauran fa? Mataimakan direktoci 127. Masu ba ɗalibai shawara 283. Sakatarori sama da 300. Sai kuma rukuni mafi yawa, mutum dubu ɗaya da 202, masu kula da yara lokacin cin abincin rana da lokacin shan iska.

Mai lissafi da ke zaune a ofis, ga yadda ya duba abin: doka ta ce kowane aji sai da malami, kowace makaranta sai da direkta, duk wanda ba ya riƙe alli, ana iya yi ba da shi. A takarda maganar ta zauna daidai. Amma wanda ya taɓa shiga farfajiyar makaranta da tsakar rana ya san ba haka ba ne. Masu kula da yaran nan yawancinsu mata ne ƴan unguwa, albashinsu shi ne mafi ƙanƙanta a duk gundumar, aikinsu na ƴan sa'o'i ne a yini. Su ne suka san yaron da ya zo bai karya ba, su ne ke raba faɗa tun bai zama jini ba, su ne ke gane baƙuwar fuska a bakin ƙofa. Sakatare ita ke ɗaukar waya in uwa ta kira, ita ke rubuta sabon yaro cikin rajista. Mai ba da shawara kuwa, shi ne ke cika wa ɗalibin ajin ƙarshe takardun neman jami'a da na tallafin karatu, wanda in babu shi ɗan talaka ba ya sanin ta inda zai fara. Shi ne kuma wanda yarinyar da ake cuta a gida ke iya faɗa wa damuwarta.

Ga kuma wani abu da ya ƙara tsoratar da uwaye. Dubban yaran makarantun da aka rufe, a watan Satumba za su koma wasu makarantu, a wasu unguwanni, wani lokaci unguwannin da samarinsu ba sa ga maciji da juna. Wato a daidai lokacin da aka fi buƙatar idon manya a kan yara, a lokacin ne aka kwashe manyan.

Jama'a sun fito

Ƴan makaranta ne suka fara. A cikin watan Mayu, tun kafin a aika takardun, dubbansu suka fice daga azuzuwa da rana tsaka, suka yi jerin gwano zuwa fadar magajin gari da hedkwatar gundumar da ke titin Broad. Ƙungiyoyin ɗalibai biyu, Philadelphia Student Union da Youth United for Change, su suka shirya tafiyar.

Ranar 17 ga Yuni, uwaye biyu da ma'aikatan makaranta biyu suka kafa rumfa a bakin ofishin gomna da ke Filadalfiya, suka shiga yajin cin abinci, ruwa kaɗai suke sha. Ƙungiyar ƙwadago ta UNITE HERE, wadda masu kula da yaran ke cikinta, ita ta tsaya musu. Buƙatarsu guda ce: a mayar da mutum dubu ɗaya da 202 nan bakin aiki. Da jikin na farko ya yi rauni, wasu suka karɓe su, aka yi wajen mako biyu ana wannan hali a gefen titi, masu wucewa na tsayawa suna tambaya.

Akwai tambayar da masu zanga-zanga suka yi ta maimaitawa, wadda ta zauna a zukatan mutane. A daidai wannan lokaci gomnatin jaha na gina sabon gidan kaso a wajen birnin, na dala miliyan 400. Gomnati ta ce kuɗin gini daban, na albashi daban, kuma tsohon gidan kason ya tsufa. Uwaye suka ce sun ji, amma a gaya musu yadda aka samo kuɗin ɗaure yaro aka rasa na karantar da shi.

Su kuma mahukunta sai suka juya ga malamai. Aka nemi ƙungiyarsu ta PFT, ƙarƙashin Jerry Jordan, ta yarda da sadaukar da dala miliyan 133, har da ragin albashi na kashi 5 zuwa 13 cikin ɗari. Gomna ya riƙe wasu dala miliyan 45 da aka ware wa birnin, ya ce ba zai sake su ba sai an ga sauyi a yarjejeniyar malamai. Ma'aikacin Nijar ya san wannan salo: a nuna wa uwaye cewa albashin malami ne ya hana ɗansu karatu, don a raba kansu. A Filadalfiya dabarar ba ta ci sosai ba, don uwaye sun san malaman nan da aljihunsu suke sayen takarda da alƙalami.

A watan Agusta, William Hite da kansa ya fito ya ce in ba a ba shi dala miliyan 50 kafin ranar 16 ga wata ba, ba zai buɗe makarantu ranar 9 ga Satumba ba, don ba zai iya lamunce lafiyar yara ba. Ana saura kwana ɗaya wa'adin ya cika, magajin gari Michael Nutter ya yi alkawarin kuɗin. Aka maido da ma'aikata wajen dubu ɗaya, aka buɗe makarantu a ranar da aka tsayar.

Makarantar da ba mai jinya

An buɗe dai, amma an buɗe ne a rame. Ƙananan makarantu suka koma raba mai ba da shawara guda, yau yana nan, gobe yana can. Central da Masterman, makarantu biyu da birnin ke alfahari da su, suka rufe ɗakunan littattafansu, sai da wani mai hali da ya ɓoye sunansa ya ba da kuɗi aka sake buɗe su. A wata makarantar firamare ta tsakiyar birni, direkta ya roƙi uwaye su ba da sama da dala 600 kan kowane yaro. Inda uwaye ke da shi, an tara. Inda ba su da shi, aka zauna haka nan. Ragin da aka ce ya shafi kowa, ashe bai shafi kowa daidai ba.

Ranar 25 ga Satumba 2013, wata yarinya ƴar shekara 12 mai ciwon asma ta fara jin numfashinta na sarƙewa a aji, a wata makaranta ta yammacin birnin. Makarantar kwana biyu kaɗai a mako take da mai jinya, kuma ranar ba ta cikinsu. Bayan an tashi aka kai ta gida, daga gida aka nufi likita, a daren ta rasu. Ba wanda zai iya rantsuwa cewa da akwai mai jinya da ta rayu. Rai na da ajalinsa. Amma birnin gaba ɗaya ya girgiza, don abin da masu jinya suka shekara biyu suna gargaɗi a kansa ke nan, har sun yi watanni suna taruwa duk mako a bakin hedkwatar gundumar. Mako uku bayan rasuwar, ranar 16 ga Oktoba, gomna Corbett ya saki dala miliyan 45 ɗin da ya riƙe. Ya ce ci gaban da aka samu wajen gyare-gyare ne ya sa. Da kuɗin aka maido da ma'aikata wajen 400.

Daga titi zuwa akwatin zaɓe da kotu

Da a nan labarin ya tsaya, da sai mu ce an yi kuka an share hawaye, shi ke nan. Abin da ya bambanta mutanen Filadalfiya shi ne, sun gane cewa jerin gwano na iya maido da ma'aikaci ɗari ko dubu, amma ba ya hana a sake sallamarsu baɗi. Sai suka bi ta hanyoyi uku.

Ta farko, rubutu. Ƙungiyar uwaye ta Parents United for Public Education ta koya wa mutane su rubuta ƙorafi zuwa ma'aikatar ilimi ta jaha: aji kaza ya cika ya batse, makaranta kaza ba mai ba da shawara, darasi kaza da doka ta wajabta ba a koyar da shi. Aka tara ƙorafi sama da 800, kowane da suna da rana da wuri. Da ma'aikatar ta yi biris, aka kai ta kotu.

Ta biyu, ƙuri'a. A zaɓen Nuwamba 2014 maganar makaranta ce ta mamaye yaƙin neman zaɓe, Tom Corbett ya sha kaye a hannun Tom Wolf. Tun da aka ba gomnonin jahar damar neman wa'adi na biyu, shi ne na farko da ya nema ya rasa. A watan Mayu na 2015 aka tambayi mutanen birnin ko suna so a rusa hukumar SRC, kusan kashi uku cikin huɗu suka ce e. A shekarar ce kuma aka zaɓi Helen Gym, ɗaya daga cikin uwayen da suka kafa waccan ƙungiya, a majalisar birni. Hukumar SRC, wadda a Oktoba 2014 ta soke yarjejeniyar malamai cikin wani ɗan gajeren zama, kotun ƙolin jaha kuma ta ce ba ta da wannan iko, a ƙarshe ita da kanta ta kaɗa ƙuri'ar rusa kanta a Nuwamba 2017. Ranar 1 ga Yuli 2018 makarantun suka dawo hannun birni, ƙarƙashin hukuma mai mutum tara da magajin gari Jim Kenney ya naɗa. Ta fannin kuɗi ma an ɗan samu sauƙi tun 2014: an aza harajin dala 2 kan kowane kwalin sigari da aka sayar a birnin, an kuma ware wa makarantu dala miliyan 120 a shekara daga harajin saye da sayarwa.

Ta uku ita ce mafi tsawo. A Nuwamba 2014, gundumomi shida na jahar da wasu uwaye, har da na Filadalfiya, da ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata ta NAACP, suka shigar da ƙarar gomnatin jaha. Hujjarsu ita ce tsarin mulkin jahar ya wajabta wa majalisa samar da ingantaccen ilimi ga kowa, kuma tsarin da ke ɗaura makomar yaro da tsadar gidajen unguwarsu ya saɓa wa wannan. Da farko aka kori ƙarar, aka ce maganar kuɗi ta ƴan majalisa ce, ba ta alƙalai ba. A 2017 kotun ƙolin jaha ta ce a saurare ta. Aka fara shari'a a Nuwamba 2021, aka yi wata huɗu ana jin shaidu. Ranar 7 ga Fabrairu 2023, mai shari'a Renée Cohn Jubelirer ta yanke hukunci mai shafi 786, ta ce yadda jahar ke raba kuɗin makarantu ya saɓa wa tsarin mulki. Ba a ɗaukaka ƙara ba. A kasafin 2024, ƙarƙashin gomna Josh Shapiro, an ƙara wa makarantu sama da dala miliyar ɗaya, kusan rabi don gundumomin da aka daɗe ana tauyewa, ko da yake giɓin da aka ƙiyasta ya ninka wannan sau da yawa.

Abin lura

Nasara ce, amma a duba tsadarta. Yaron da ya shiga aji ɗaya a watan Satumba na 2013, ranar da aka yanke wancan hukunci yana shekararsa ta goma a makaranta. Da a nan ne, shekarar da zai rubuta jarrabawar BEPC ke nan. Karatun da bai samu ba yana ɗan shekara bakwai, babu alƙalin da zai maido masa da shi. Makarantun da aka rufe, da yawansu an sayar da gininsu.

Tsarinmu da nasu ba ɗaya ba ne, ba kuma za mu ce a kwaikwayi komi ba. Mu namu ragin ta wata ƙofa ya shigo: tun daga ƙarshen shekarun 1990 aka koma ɗaukar malaman kwantiragi masu ƙaramin albashi, har suka zama su ne mafi yawa a makarantun firamare. Amma Hausawa sun ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Uwayen Filadalfiya ba su bar maganar a hannun ƙungiyar malamai kaɗai ba, kuma ba su tsaya ga cewa makaranta ta lalace ba. Sun nemi takardar kasafi sun karanta, sun ƙirga abin da ya ɓace aji-aji, sun rubuta, sun tambayi wane ne ya sa hannu, kuma wa ya naɗa shi.

Ɗan kasuwar da ke cikin ƙungiyar uwayen yara a Maraɗi ko Damagaram, da ma'aikacin da ke zama a kwamitin kula da makarantar unguwarsu a Tawa ko Yamai, suna iya farawa da abin da ke gabansu. Malamai nawa aka turo makarantar bana, nawa ne ke zuwa? Yara nawa ke aji ɗaya? Azuzuwan zana nawa ne, kuma a wane wata aka fara karatu a cikinsu? Nawa majalisar gari ta rubuta wa ilimi a kasafinta, nawa ya iso? Wanda ya je gaban hukuma da waɗannan amsoshi a rubuce, da wuya a sallame shi da cewa babu kuɗi kawai.